Jiran Baba a Bakin Raga

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Ruwa bai tsaya ba. Baba Sukdeo bai dawo ba. Haka kowa ke faɗarsu a unguwa, na farkon da ƙarfi, na biyun ƙasa-ƙasa.

Ranar Litinin da safe ya fita, lokacin da Lachmin, 'yarsa kuma matata, take bayan gida tana kama kaji saboda ruwa ya fara shiga akurki. Tsohon da tun bara ba ya tuna ko ya ci abinci, sai ga shi ya tuna yadda ake zare sakata. An je wurin 'yan sanda, an je asibiti, an zaga kasuwanni. Mun liƙa hotonsa a turakun lantarki, ruwa ya wanke.

Ni kuwa na zo aiki a tashar famfon zuƙe ruwa. Anti Verna maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofa. "Ticha, surukinka ya ɓata, kai kuma ka rungumi kwanon abinci za ka tasha?" Na ce mata dole wani ya zauna da famfo. Ta dube ni, ta dubi magudanar da ta bi ta bayan gidajenmu, sai ta ce, "To, je ka."

Duk abin da ya faɗa magudanar nan tasharmu yake zuwa, ba shi da wata hanya. Birninmu Georgetown yana ƙasa da teku, kamar yadda na yi shekaru ina gaya wa yara a aji suna hamma. In teku ta cika sai a rufe ƙofar ruwa, famfuna biyu su ɗaga ruwan su watsa shi bayan katanga. A gaban komai akwai ragar ƙarfe, sanduna a jere daga ƙasan ruwa har sama, don kada shara ta shiga ta karya inji. Ruwa ya wuce, sauran su tsaya a wurina.

Laraba, da yamma

Na kashe manjagarar inji.

Bara aka kafa mana ita. Haƙoranta sun kai tsawon hannuna. Ta sauka jikin raga, ta cakumo, ta ɗago, ta juye a tirela, ba ta tambayar ko mene ne. Na taɓa ganin ta naɗe ƙofar firij kamar roti, gurasar nan tamu mai faɗi.

Compton, abokin aikina, ya shigo yana karkaɗe rigar ruwa. "Ticha, me ya samu budurwar tamu ta yi shiru?"

"Tari take yi. Sarƙarta."

"Tari." Ya je ya kara kunne a jikin injin da ko motsi ba ya yi, ya daɗe. "Lallai kam. Mugun tari ma. Har nan nake jin sa."

Sai ya hau kan benci ya sauko da dogayen manjagarun hannu da muka rataye tun zuwan budurwar, ya share yanar gizo, ya miƙo min ɗaya. Bai ƙara cewa komai ba. Compton mutum ne da ke iya yin awa guda yana bayanin yadda aka cuci ƙungiyarsa a wasan kurket, saboda haka na san abin da shirun ya ci masa.

Alhamis, 15 ga Mayu, faɗuwar rana

Da na shiga gida Lachmin na murza roti, ba ta juyo ba. "Me ya zo yau?"

Na ce gorunan roba, kamar duk garin sun yi shawara a sha lemo rana ɗaya. Fararen robobin abinci. Ɓawon kwakwa. Kainuwa, tsibiri-tsibiri. Kujerar roba mai ƙafa uku. Kan 'yar tsana, ba gangar jiki, tana min kallon da mai duba makarantu ya taɓa yi min.

Ta ɗan yi dariya ta hanci. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta murza roti biyar. Mu biyu ne. Na ci uku.

Asabar, 17 ga Mayu, da tsakar rana

Na karɓi aikin nan ne saboda an ce min mai gadin famfo wata takwas yake yi yana zaune, kuma ana biyansa. Na ce wannan shi ne aikin da aka halicci mai karatu dominsa. Na karance tarihin mutanen Holan da suka sa bayi suka haƙa magudanan nan, na karance yadda Rumawa suka jawo ruwa daga duwatsu. Babu marubuci ko ɗaya da ya ambaci abin da sandar manjagara ke yi wa tafin hannu.

Ga yadda muke yi. Ka tsaya a kan dakali, ka zura manjagara a hankali har ta taɓa abu, ka ji shi tukuna kafin ka ja. Leda tana santsi. Katako yana ƙwanƙwasa. Kainuwa tana bin ka kamar mai jin barci. In ka ji abin da ba ka gane ba, ka tsaya ka kira ɗan'uwanka.

Matsalar ita ce mutum biyu ba sa cin ƙarfin sharar gari guda. Raga tana toshewa fiye da yadda muke buɗe ta, in kuma aka kunna famfo biyu a kan toshewar, sai su shanye ruwan da ke bayanta su fara zuƙar iska. Dole famfo ɗaya muke kunnawa. Na san abin da famfo ɗaya ke nufi. Na rubuta don kada in ce ban sani ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

Ruwa.

Litinin, 19 ga Mayu, da dare

Wani direban bas ya ce ya ga tsoho kamarsa a garin Parika. Lachmin ta tafi tun da sassafe, ta dawo da yamma da jiƙaƙƙen takalmi da abarba guda, wai ba ta so ta dawo hannu biyu. Tsohon wani ne dabam, mai gidansa da jikokinsa, har ya ba ta shayi.

Yayanta ya bugo daga New York ya ce a nemi jirgi mai saukar ungulu. Na ce masa akwai biyu a bayan gida kusa da kaji, zan duba wanda ke da mai. Lachmin ta fizge wayar.

Talata, 20 ga Mayu, da tsakar rana

Baba bai zo bikinmu ba. Ya ce bai yi shekaru yana saran rake ba don ya ba da 'yarsa ga baƙar fata mai zuwa coci, wanda kuma ko cocin ba ya zuwa yadda ya kamata. A wannan na biyun ya fi ni gaskiya. Sai bayan damina biyu muka tashi da safe muka same shi a tsakar gida yana buga ƙusa a dangarmu. Bai gaishe ni ba. Ya ce wa Lachmin, "Gaya wa Farfesa ana riƙe guduma ta wutsiya ne, ba ta wuya ba."

Farfesa na zama har yau. "Farfesa, littafin bai faɗi lokacin da ake gyara rufi ba?" Ni kuma in ce, "Baba, sai a juzu'i na biyu, ba a buga shi ba tukuna."

Tun da hankalinsa ya fara tafiya sai ya manta cewa ba ya so na. Yakan zauna kusa da ni a matakala ya ɗora hannu a gwiwata, ya ce in karanta masa. Ko me na karanta, ko jaridar bara ce, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ƙarya ne, amma ci gaba." Ban taɓa samun mai sauraro irinsa ba.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Manjagarata ta taɓa wani abu mai nauyi, mai taushi. Na kira Compton, sai na ji ba muryata ba ce ta fito. Muka ɗago shi tare, a hankali.

Ɗan maraƙi ne.

Na je bayan ɗakin inji na zauna. Compton ya kawo min shayin da ya zuba wa sukari kamar yana fushi da shi. "Sha, Ticha. Kuma kada ka sa wannan a labarin yamma."

Ban sa ba. Na ce wa Lachmin laima ce ta zo, da tayar keke, da ƙaramin kada da muka mayar.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Injiniya ta zo, Yonette. Na koyar da ita tarihi tana 'yar shekara goma sha biyu, tana zama a gaba tana gyara min kwanan wata. Yanzu ita ke sa hannu a takardar hutuna, amma har yau Malam take ce min.

Ta buɗe akwatin makunni, ta duba sarƙa, ta shafa maiko a yatsa ta shinshina. Compton ya tsaya a bayanta yana bayani. "Madam, tarin nan ba kullum yake zuwa ba. Irin na sanyi ne."

"Compton, je ka duba tirela."

Da ya tafi sai ta ce, "Malam, lafiyarta ƙalau."

"Na sani."

"Na ga hoton a jikin turke." Ta kalli ruwa. "A layin bayan makaranta ruwa ya kai gwiwa. Ranar Talata wata zai kama, teku za ta cika fiye da kullum, ƙofa ba za ta buɗu ba sai na ɗan lokaci. Famfo ɗaya ba zai ɗauka ba. Zan rubuta cewa ana duba sarƙa. Amma ranar Talata, in ba ku kunna ba, ni zan zo in kunna, kuma ba na so ya zama ni ce."

Na ce mata ashe dai har yanzu ita ke gyara min kwanan wata. Ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannuna ta juya shi, ta ga tafin, ta ce akwai safar hannu a motarta.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

Lachmin tana kunna 'yar fitilarta ta ƙasa a gaban gumakanta kowace safiya, yanzu ta ƙara guda a kan taga mai kallon titi. Fandit, malamin addininsu, ya zo ya ce a yi haƙuri a yi addu'a. Ta tambaye shi wace iri, ta masu rai ko ɗayar. Ya ce a sha shayi tukuna.

Asabar, 24 ga Mayu, da tsakar rana

Ruwa ya hau matakalarmu ta biyu. Gidanmu a kan turaku yake, mu da sauƙi. Gidan Anti Verna a ƙasa yake. Na ga 'ya'yan unguwa sun ɗora mata firij a kan bulo, gadon mijinta ma haka, da shi a kai, da ƙafarsa mai ciwon sukarin da ba ta son jiƙa.

Wani mutum ya tsaya a bakin shingen tasha yana ihu, wai an sayar da kayan injin ne, ya san irinmu. Compton ya ce masa, "Ƙwarai, ni na saya, ina soya kifi da shi. Zo ka kama manjagara ko ka wuce." Ya wuce.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

Anti Verna ta kawo mana dafa-duka da kifin gishiri har tasha, ta ratso ruwa da kwano a ka. Na ce, "Anti, da kin bari." Ta ce, "In na bari wa zai ba ku? Ku ci ku sami ƙarfin ja."

Ta zauna a benci ta cire silifa. Yatsunta sun yi fari, tsakaninsu ya tsage. Ta dubi injin da ke tsaye shiru, ta daɗe tana kallonsa.

"Sukdeo ne ya dasa min bishiyar mangwaron nan ta ƙofa," in ji ta. "Bai taɓa barin in manta ba. Ba zan ce maka komai ba, Ticha."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Litinin, 26 ga Mayu, da safe

Lachmin ba ta tambaye ni me ya zo jiya ba. Ta kwana biyu tana taya Verna kwashe ruwa da bokiti.

Litinin, da la'asar

Ina kan dakali na ji Compton ya ce, "Madam Ticha! Yau wace rana?" Lachmin ba ta taɓa zuwa tasha ba. Ta ce wurin yana wari, kuma bai kamata mace ta ga inda mijinta ke barci ana biyansa ba.

Ta tsaya da laima tana kallon raga, da tulin da muka kwaso, da haƙoran da ke rataye a sama. Ta daɗe a kan haƙoran.

"Me ya same ta?"

"Sarƙa ce. Akwai wani irin..."

"Lennox." In ta kira sunana na yanka, ba Ticha ba, to an gama wasa. "Shekara nawa ina jin ƙaryarka? In za ka yi sai ka fara da 'akwai wani irin'. Tun yaushe?"

"Tun Larabar farko."

"Saboda Baba."

Na gyaɗa kai. Ta rufe laimar, ruwa yana dukanta. Ta karɓi manjagarar daga hannuna, ta ɗaga ta ji nauyinta, ta jingine ta a bango.

"Yau na wanke wa mijin Verna ƙafa," ta ce. "Ta fara baƙi a gefe. Kana ji na? Shi yana nan, ana iya wanke masa." Ta dube ni. "Gobe ka kunna. Duka biyun, da wannan abar."

"Lachmin, kin ga yadda take..."

"Na gani. Ina da ido. Ka kunna, amma kai za ka tsaya a wurin maɓallin. Ba Compton ba, ba yarinyar nan injiniya ba. Kai. Ka yi ta kallon littafi shekara da shekaru ba ka ƙifta ido, to gobe ka kalli ruwa haka."

Compton ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta lalace ba.

Talata, 27 ga Mayu, da sassafe

Na bar littafi a gida.

Talata, da yamma

Yonette ta zo amma ba ta taɓa komai ba, ta tsaya a ƙofa. Na kunna manjagara, ta sauka ta ɗago, ta sauka ta ɗago. Kafin hantsi ragar ta buɗe yadda ban gan ta ba tun farkon ruwan nan. Sai na kunna famfo na biyu. Dakali ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafata.

Magudanar da ta yi mako biyu tana tafiya kamar mai jin kunya sai ta miƙe da gudu. Na sa babban yatsana a kan jan maɓalli, ban ɗauke ba. Kaya suka yi ta zuwa, ban tsaya ba su suna ba.

A can sama, ƙarƙashin gadar katako ta bayan layinmu, akwai kainuwar da ta cushe tun kafin damina, har kaji na tafiya a kanta. Wajen tsakar rana ruwan ya fizge ta. Ta taho gaba ɗaya kamar fili, tana juyawa a hankali. Compton ya hau kan shinge don ya hango. Ya cire hularsa.

Haƙoran suna kan hanyar sauka. Na danna.

Ban taɓa sanin tashar nan tana iya yin shiru haka ba.

Akwai tsani a gefen raga. Ni na sauka, ruwan ya kawo min ƙirji. Compton ya biyo ni da tamfol. Ba mu yi amfani da manjagara ba, ko ta hannun. Na yi masa magana muna hawa da shi, na ce, "Baba, a hankali, saura taki uku." Ba nauyi gare shi ba. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Gadar nan, daga tagar ɗakin girkinmu ana hango ta. Yonette ta ce ruwan bai taɓa samun ƙarfin da zai janye kainuwar ba sai yau. Ta fara cewa, "Da a ce tun farko..." ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba.

Bayan motar asibiti ta tafi da shi, Yonette ta ce, "Malam, ko in kunna?" Na ce a'a, ni zan kunna. Na kunna. Teku tana can bayan katanga ta cika fal, ba ta san an yi komai ba.

Da na taho gida ruwan titi ya sauka zuwa idon sawu, ya bar zanen laka a jikin kowane bango. Anti Verna na share ƙofarta. Ta ga tufafina, ta jingine tsintsiya, ta ɗora hannu biyu a ka.

Lachmin na zaune a matakala. Yonette ta riga ta bugo mata, na gani a fuskarta. Na tsaya a ƙasa, ban san ta ina zan fara ba, ni da na ci abinci da baki rabin rayuwata.

"Injin ne?" ta ce.

"A'a. Ni da Compton."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Ta gyaɗa kai. Ta matsa gefe ta ba ni wuri, na zauna. Ta jawo hannuwana biyu ta ɗora a cinyarta, da lakarsu da warinsu. Na ce bari in wanke tukuna. Ta ce, "Bar su."